Ɗanwake Mai Ƙamshin Ayaba

A Funtuwa akwai wani attajiri, Alhaji Barau Mai Injin, yana da ɗan kamfani a bayan tasha inda ake niƙa garin ɗanwake da garin kunu da yaji, a ƙulla a leda a kai kasuwa. Mutumin kirki ne, ba ya danne haƙƙin ma'aikaci, ba ya zagi. Ciwonsa ɗaya ne tak, dabara. Alhaji ba ya kwanciya ya tashi babu sabuwar dabara a ka, kuma duk wadda ta zo masa da asuba, kafin azahar sai an tayar mata da inji. Shi ya sa aka yi yaji marar barkono don kada yara su yi kuka. Shi ya sa aka yi garin kunun tsamiya marar tsami, wai saboda masu gyambon ciki. Akwai lokacin da ya sa aka yi wata leda mai ƙarfin tsiya don kada gari ya zube a hanya, ta yi ƙarfin da sai da mata suka riƙa aikawa wurin mahauta a yanka musu. Duk kayan nan suna nan jibge a sito, ɓeraye ma sun shiga sun duba sun fito abinsu.

Wata rana Alhaji ya je bajekoli Kaduna, ya ji wani mai kwat yana bayani cewa kowane kamfani da ya amsa sunansa yana da manajan haja. Wai shi ne mutumin da ke tsayawa tsakanin masu saye da masu yi, ya gano abin da jama'a ke so, sannan ya ce wannan za a yi, wannan kuma a bari. Alhaji bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, kalmar manaja kawai ta burge shi. Yana dawowa ya ɗauki wani magidanci mai suna Jafaru, wanda ya daɗe da gama karatu yana yawo da takardu ofis-ofis har ambulan ɗin ta yi baƙi. Ranar da aka ba shi aikin, matarsa sai da ta raba wa maƙwabta waina. Jafaru ya yi wa kansa alkawari, ko me za a yi, ba zai koma zaman benci a ƙofar gida ba.

Ba a jima ba Alhaji ya fara kallonsa a karkace. Ya kira shi ofis.

“Wai kai Jafaru, na lura ba ka niƙa, ba ka ƙulli, ba ka tuƙa mota, ba ka riƙe da kuɗi. To me kake yi mana a nan?”

“Saurare nake yi, ranka ya daɗe.”

“Saurare? Ni ma ai ina saurare, kuma ba wanda ya taɓa biyana.”

Jafaru ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Bai ce masa a rayuwarsa bai taɓa ganin Alhaji ya bari wani ya kai ƙarshen jimla ba.

Rabin aikin Jafaru kuwa cewa a'a ne, amma ya san idan ya furta kalmar nan sau ɗaya a gaban Alhaji, ya gama aiki. Sai ya samo hanya. Duk sanda Alhaji ya shigo da sassafe ido na ƙyalli, ya ce a yi garin kunu mai launin tutar ƙasa, ko a riƙa saka alewa a cikin ledar yaji, sai Jafaru ya dafe ƙirji ya ce, “Kai, ranka ya daɗe, wannan dabara ta yi wa Funtuwa girma. Mu adana ta sai gari ya waye wa mutane.” Alhaji ya ji daɗi ya tafi yana shafa gemu, kafin la'asar ya manta. Da haka kamfanin ya ɗan samu ya numfasa.

Ɗaya rabin aikin shi ya fi ba shi wuya, wato gano abin da mutane ke so. Da farko ya yi yadda aka koya masa a makaranta. Ya sa a dafa ɗanwake, ya bi gida-gida da shago-shago yana ba mutane su ɗanɗana, yana tambaya, “Yaya kuka ji shi?” Kowa ya ce madalla. Kowa ya ce Allah ya sa albarka, wannan ai sai gidan gwamna. Har wani tsoho ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ci irinsa ba. Jafaru ya juya yana murna, sai ya tuna ya bar hularsa a kan tabarmar tsohon. Da ya koma, ya tarar da shi a tsugune yana lallashin akuyarsa ta ci, ita kuma ta kau da kai.

A nan ya gane abin da babu shi a littafi. Mutumin garin nan ba zai taɓa kushe abin da ka miƙa masa kyauta ba, ko da tsakuwa ka dafa. Kara ba za ta bar shi ba. Tambayarsa ɓata yawu ne.

Ya je ya zauna a rumfar wata mai ɗanwake a tasha, Baba Marka, yana tunanin makomarsa. Kusa da shi wani kwandasta na ta loma, gumi na zuba. Can sai kwandastan ya ɗago kai, bakinsa cike, ya ce ba tare da an tambaye shi ba, “Ni fa ina mamakin kifi. Wai shi yana jin ƙishirwa kuwa?” Rumfa ta kaure da dariya, ana ta cewa santi ne, a riƙe shi kada ya faɗi. Kowa ya san santi: idan abinci ya kai wa mutum karo, hankalinsa kan ɗan fita shan iska, bakinsa ya saki zancen da ba kai ba gindi. Jafaru shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ƙura wa kwandastan ido kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

Daga ranar ya daina tambayar kowa komai. Ya ɗauko Baba Marka ta riƙa dafa masa, shi kuma yana sauya haɗin garin: yau ya ƙara wake, gobe ya rage alabo, jibi ya taɓa kuka da kanwa. Ya ajiye kwano a gaban mutane, ya koma gefe ya kasa kunne. In suka ce madalla, ya san da saura. In suka ci shiru suna hira mai ma'ana, ya san an kusa. Ya yi ta yi har Baba Marka ta fara cewa yaron nan a duba shi. Ranar da wani malamin makaranta mai kamun kai ya kai loma ta uku ya ce shi a ganinsa ya kamata a riƙa yi wa jakuna lambar mota, Jafaru ya tashi ya rungume shi. Haɗi ya yi.

To, a daidai wannan makon ne Alhaji ya dawo daga wata tafiya da kwalba a aljihu. A jirgi aka ba shi wani biskit mai ƙamshin ayaba, ya ci ya ji duniya sabuwa. Ya tara ma'aikata ya ce daga yau ɗanwaken kamfaninsa zai riƙa ƙamshin ayaba, kuma launinsa ruwan hoda, don ya fita daban.

Jafaru ya dafe ƙirji. “Kai, ranka ya daɗe, wannan dabara ta yi wa Funtuwa...”

“Girma ko? Na gano ka, Jafaru. Dabaruna nawa ka adana mini? Ina suke? Wannan kam ba za a adana ta ba. Na riga na ba ma'aikata sun ɗanɗana, kowa ya ce madalla.”

Malam Sallau akawu, wanda tun da aka kafa kamfanin bai taɓa jin Alhaji ya yi kuskure ba, ya gyaɗa kai har hularsa ta zame. “Wallahi Alhaji, ni iyalina ma cewa suka yi a ƙaro.”

Jafaru ya san inda iyalin Sallau suka zuba shi, don ya ga kwatar gidan ta yi ruwan hoda. Ya kuma san in aka cika kasuwa da wannan abu, sunan kamfani ya mutu, kuma shi za a nuna da yatsa, tunda shi ne manajan haja. Ya yi ta maza.

“Ranka ya daɗe, madalla ba shaida ba ce. Mutanen nan albashinsu a hannunka yake. A dafa naka, a dafa nawa, a ajiye. Kada a tambayi kowa komai. Wanda aka yi wa santi, shi za a kai kasuwa.”

Alhaji ya yi dariya har da buga tebur. Abin ya yi masa daɗi, don yana son gasa. “Na yarda. Amma ka ji sharaɗina. In aka yi wa nawa santi ba a yi wa naka ba, ka ajiye mini makullin ofis ka je ka ci gaba da saurarenka a gida.”

Jafaru ya amsa da to. Sai da ya fito ya gane wautar da ya tafka. Ya faɗi ma'auninsa a gaban waɗanda za a auna. Ga shi kuma ba yadda za a ɓoye kwanon Alhaji, abin da ke ƙamshin ayaba tun daga bakin titi.

Ranar gasa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar kamfani da hantsi. Baba Marka ta sauke tukwane biyu, ta soya man gyaɗa da albasa, ta barbaɗa yaji. Na Jafaru ya fito yadda ɗanwake yake tun kaka da kakanni, yana sheƙi. Na Alhaji kuwa ya fito jajaja-jajaja, kamar an yayyanka sabulun wanka. Baba Marka ta ajiye shi ta matsa baya tana karanta wani abu a ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya hakimce a kujera shi ne alƙali. Shi ba zai ci ba, don tun da ya yi kuɗi ya sallami ɗanwake, ya ce abincin 'yan dako ne, yana sa shi nauyin ciki. Ko nasa haɗin bai taɓa kaiwa baki ba, sansanawa kawai yake yi ya lumshe ido.

Aka fara da na Alhaji. Malam Sallau ya ɗauki ɗaya, ya rufe ido ya haɗiye ba tauna, kamar mai shan maganin zazzaɓi. Ya gyara murya, ya dubi Alhaji ido cikin ido, ya ce, “Ni fa ina ganin wata ya fi rana amfani, tunda da dare ake bukatar haske.”

“Santi!” in ji Alhaji, ya nuna shi da sanda. “Jafaru, ka ji ko?”

Jafaru ya ji. Ya kuma ji Sallau yana bitar wannan jimla a bayan sito tun da safe. Santin gaskiya hannu na cikin kwano yake zuwa, mai shi bai ma san ya yi ba. Wannan kuwa hannun Sallau na kan butar ruwa.

Da sauran suka ga Sallau ya samu shiga, sai kowa ya saki nasa. Direba ya ce zai sa wa motar kamfani suna ya yanka mata rago. Mai gadi ya ce shi da zai samu hali da ya je Makka a keke. Wani mai ƙulli da ya manta nasa ya ce, “Ni ma abin da Malam Sallau ya ce.” Kowa na magana hawaye na taruwa a idonsa, ana ta miƙa wa juna ruwa. Kwanon kuwa ko rabi ba a ci ba.

Aka kawo na Jafaru. Nan fa wuri ya yi tsit. Kowa ya sa hannu, kowa ya tsuke baki, don sun san duk wanda ya yi wa wannan kwano santi ya ci amanar Alhaji. Ba ka jin komai sai ƙarar tauna da numfashi. Direba ya ji wata magana ta taso masa, ya yi maza ya danne ta da loma biyu. Mai gadi ya cusa bakin rawaninsa a baki tsakanin loma da loma. Shi kansa Sallau gumi yake, jijiyar wuyansa ta tashi, yana ci yana kallon sama kamar mai riƙe atishawa a sahun gaba. Kafin ka ce me, kwano ya kusa komawa fes, ba wanda ya ce uffan.

Jafaru ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana roƙo da ido. Ko mutum ɗaya, ko kalma ɗaya. Babu. Ya ji haushinsu, ya kuma ji tausayinsu, don shi ma da a wurinsu yake da haka zai yi. Ya tuna wainar da matarsa ta raba, ya tuna bencin ƙofar gida.

“To, manaja,” in ji Alhaji, yana washe baki. “Naka ko tari ba a yi masa ba.”

“Amma an cinye, ranka ya daɗe.”

“Ba a yi da kai za a duba kwano ba. Santi ka ce. Kawo makulli.”

Jafaru ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin. Yana miƙawa, Alhaji ya hango 'yan ƙwayoyi da suka rage a gindin kwanon suna iyo a cikin mai.

“Miƙo mini abin nan tukuna, in ji irin shirmen da ka ɓata mana wake a kai. Don kada ka je kana cewa an zalunce ka.”

Baba Marka ta miƙa masa da tsinke. Alhaji ya soki ɗaya, ya yatsina fuska tun kafin ya kai baki. Ya tauna. Ya tsaya. Ya soki na biyu, wai na farkon bai ji sosai ba. A na uku ya ajiye tsinken ya naɗe hannun babbar riga. Ya dubi tukunya, Baba Marka ta gane, ta kankaro masa abin da ta ɓoye wa kanta ta ƙara mai. Alhaji ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa. Hula ta koma ƙeya. Mai na bin gwiwar hannunsa, bai ko kula ba. Ma'aikata suka yi cirko-cirko, Jafaru na tsaye da makulli a hannu.

Can Alhaji ya ɗago kai, bakinsa cike, idonsa ya tafi wani wuri mai nisa.

“Wai ni kam,” ya ce a hankali, “me ya haɗa ayaba da ɗanwake? Ɗanwake ai ɗanwake ne. Mutum ya taso da yunwa, ka ba shi abin da ya sani, ba abin da kai ka gani a jirgi ba.” Ya kai wata lomar. “Kuma yaji in ba barkono ai gari ne kawai. Mu fa matsalarmu a kamfanin nan, mai shi ba ya saurarar kowa. A bar wanda ya san aiki ya yi aikinsa mana.”

Sallau ya buɗe baki zai ce haka ne, ya rasa ko haka ne ɗin za ta cece shi ko za ta kashe shi, ya mayar ya rufe. Baba Marka ce ta kasa daurewa, ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa.

“Santi! Wallahi Alhaji santi ne! A riƙe shi!”

Alhaji ya farga. Ya dubi kwanon, ya dubi hannunsa, ya dubi jama'a. Ya jawo hula gaba, ya haɗe rai.

“Wane irin santi? Ke Marka, ki kiyaye ni. Santi ai shirme ake faɗa. Ni kuwa duk abin da na faɗa yanzu magana ce ta hankali, daga farko har ƙarshe. Kai Jafaru, kai ne masanin santi, faɗa musu gaskiya. Wannan santi ne?”

Jafaru ya mayar da makulli aljihu, ya rusuna.

“Santi ne, ranka ya daɗe. Da kana cikin hayyacinka ai ba za ka faɗe ta ba.”